Inshorar Mota ga Direban da Aka Dakatar da Lasisinsa: Nazarin Fiƙihu a Kan Tsarin SR-22 na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hukuncin inshorar mota a kan Musulmin da hukuma ta dakatar da lasisinsa na tuƙi, inda ta ɗauki tsarin SR-22 da ake aiki da shi a mafi yawan jihohin Amurka a matsayin misali. Ta fara da siffanta tsarin, sannan ta kawo matsayin malamai game da inshorar kasuwanci, kafin ta tsaya a kan tambayar da ke tsakiyar mas'alar: shin wanda saɓonsa ne ya jefa shi cikin buƙata yana da rabo a sassaucin da aka yi wa mabuƙata? Maƙalar ta rinjayar da cewa sassaucin bai faɗi a kansa ba, domin wanda ake karewa da wannan inshora shi ne mutumin da mota ke iya bugewa. Sai dai sassaucin bai halatta masa tuƙi a lokacin dakatarwa ba, bai halatta masa ƙarya ga kamfani ba, kuma bai ɗauke masa kaffara ba.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da ke zuwa daga 'yan'uwa mazauna Amurka akwai wadda take maimaituwa da sura kusan ɗaya. Mutum yana ciyar da iyalinsa da tuƙin tasi ko kai saƙonni, sai hukuma ta dakatar da lasisinsa. Da ya je neman a mayar masa, sai a ce ya kawo shaidar inshora ta musamman, kamfanoni kuma su ɗaga masa farashi. Shi kuwa ya daɗe yana jin malamai suna cewa inshorar kasuwanci haramun ce, yana biyan ta ne dama bisa tilas. Yanzu zuciyarsa na raya masa cewa wannan sabon tilas ɗin shi ya jawo wa kansa, don haka wataƙila ba shi da uzuri a wurin Allah. Wasu kuma sukan ɗauki wata hanya: su ɓoye dakatarwar, ko su yi inshora da sunan wani, ko su ci gaba da tuƙi suna cewa ai motar tana da inshora.

Malaman usulu sun tabbatar da cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar surarsa. Saboda haka wajibi ne a fara da sanin yadda tsarin yake kafin a ce halal ko haram.

2.0 Surar Mas'alar

A Amurka kowace jiha ce ke bayar da lasisin tuƙi, ita ce kuma ke dakatar da shi. Dalilan dakatarwa sun kasu gida uku. Na farko, laifukan da suka shafi tuƙi kai tsaye: tuƙi cikin maye, tuƙin ganganci, tara makin laifuffuka har su kai iyaka, da tuƙi babu inshora. Na biyu, dalilan da ba su shafi ƙwarewar tuƙi ba, kamar rashin halartar kotu, ko rashin biyan kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanke, ko rashin biyan tara a jihohin da har yanzu suke dakatarwa a kan haka. Kalifoniya ta daina dakatarwa saboda rashin biyan tara tun 2017. Na uku, dalilan lafiya, kamar farfaɗiya ko raunin gani. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga mufti, domin ba duk wanda aka dakatar ba ne mai saɓo.

Duk jihohin ƙasar, ban da New Hampshire, suna wajabta inshorar da ke biyan wanda direba ya cutar a jikinsa ko dukiyarsa. Kowace jiha tana da mafi ƙarancin abin da inshorar za ta ɗauka. A Teksas, misali, dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da ya ji rauni, dala 60,000 ga duk waɗanda suka ji rauni a haɗari ɗaya, da dala 25,000 ga dukiya.

SR-22 kuwa takardar shaida ce da kamfanin inshora ke aika wa hukumar lasisi ta jiha, yana tabbatar da cewa wane yana da inshorar da ta kai wannan mafi ƙaranci. Idan mutumin ya daina biya, kamfanin zai sanar da hukuma da wata takarda mai suna SR-26, sai a sake dakatar da lasisin. Yawanci ana riƙe wannan shaida shekara 3, a Teksas shekara 2. Jihohin Fulorida da Bajiniya suna da wata mai tsanani, FR-44, ga waɗanda aka samu da tuƙi cikin maye. A Fulorida sai inshorar ta kai dala 100,000 ga mutum ɗaya, dala 300,000 ga haɗari ɗaya, da dala 50,000 ga dukiya. Wasu jihohi kaɗan, kamar New York, ba sa aiki da wannan takarda. Kuɗin aika shaidar kansa kaɗan ne. Nauyin yana cikin kuɗin zubi na wata-wata, wanda yake hawa saboda kamfani ya sanya mutumin cikin sahun masu haɗari.

Mai tambaya zai ce: me wanda aka hana tuƙi zai yi da inshora? Dalilan a aikace huɗu ne. Shaidar sharaɗi ce ta mayar da lasisi, ko ta samun lasisi mai iyaka da kotu ke amincewa da shi domin zuwa aiki ko makaranta. Jihohi da yawa suna ɗaure rajistar mota da ci gaban inshorarta, ko da tana ajiye. Idan da bashi aka sayi motar, mai bashi yana sharɗanta inshora. Sannan mata ko ɗa mai ingantaccen lasisi yana iya buƙatar motar. Kamfanoni sun tanadi surori domin waɗannan halaye: a rubuta wani a matsayin direban motar a kuma cire sunan wanda aka dakatar a fili, ko inshorar mota ajiyayya, wadda ta taƙaita ga sata da gobara da makamantansu, ko inshorar wanda ba shi da motar kansa. Wanda duk kamfanoni suka ƙi kuwa, jihohi suna da tsarin raba irin waɗannan direbobi a tsakanin kamfanoni bisa tilas.

3.0 Matsayin Malamai a Kan Inshora

Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya da ya rasu a 1252 bayan hijira, yana cikin na farkon waɗanda suka tattauna inshora, a Raddul Muhtar, inda ya yi magana a kan inshorar kayan jiragen ruwa da ake kira saukara. A ƙarni na ashirin saɓani ya fito fili a Makon Fiƙihun Musulunci da aka yi a Dimashƙa a 1961, inda Shaihu Mustafa az-Zarƙa ya halatta tsarin inshora, Shaihu Muhammad Abu Zahra kuma ya ƙi yarda da na kasuwanci. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta inshorar kasuwanci a zamanta na farko a 1398, az-Zarƙa kaɗai ya saɓa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta bi wannan ra'ayi a ƙudurinta mai lamba 9, a Disamba 1985, tana mai kafa hujja da cewa yarjejeniyar tana ɗauke da garari mai yawa wanda ke ɓata ciniki. Ta kuma nuna madadinsa, wato inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta.

Garari shi ne abin da ƙarshensa ya ɓoyu. Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya tabbatar da hani a kan cinikinsa. Mai biyan inshora bai san ko zai karɓi wani abu ba, bai kuma san nawa ba. Kamfani ma bai san abin da zai biya ba. Dalilin da ya sa takaful ya tsira daga wannan illa sananne ne ga ɗaliban Malikiyya: Imam al-Ƙarafi ya bayyana a al-Furuƙ cewa a wurin Malik garari yana ɓata yarjejeniyar musaya, amma ba ya ɓata kyauta tsantsa. A kan wannan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979.

Akwai kuma wani sharaɗi da Shaihu as-Siddiƙ ad-Darir ya fito da shi a littafinsa kan garari da tasirinsa a yarjejeniyoyi. Garari ba ya ɓata yarjejeniya sai ya kasance mai yawa, a cikin musayar dukiya, a kan ainihin abin da aka ƙulla, kuma babu buƙatar da ta tilasta shiga yarjejeniyar. Buƙatar da ake lura da ita ita ce wadda ta ayyana, wato aka toshe duk wata hanya ta halal. Direban Amurka da hukuma ta nemi SR-22 daga gare shi ba zai iya kawo ta ba sai daga kamfanin da jihar ta amince da shi, kuma kamfanonin da ke wannan aiki ba na takaful ba ne. Don haka ko masu haramta inshorar kasuwanci sun yi fatawa da cewa wanda doka ta tilasta wa ita ba shi da zunubi a kan biyanta.

4.0 Shin Mai Saɓo Yana da Rabo a Sassauci?

Wanda aka dakatar saboda rashin lafiya, ko saboda talauci ya hana shi biyan tara, babu ishkali a kansa. Ishkalin yana kan wanda ya sha giya ya yi tuƙi, ko ya riƙa gudun ganganci har aka karɓe lasisinsa. Imam as-Suyuɗi ya kawo a al-Ashbah wan Naza'ir ƙa'idar da ke cewa ba a rataya sassauci a kan saɓo. A kanta ne jumhur suka hana ƙasaru ga wanda tafiyarsa kanta saɓo ce, kamar ɗan fashi, Hanafiyya kuma suka saɓa musu. Da wannan ƙa'ida ake iya cewa: shi ya jefa kansa, don haka ya ɗanɗana.

Wannan fahimta ba ta tsaya ba, saboda dalilai uku.

Na farko, bambancin da al-Ƙarafi ya yi tsakanin saɓon da shi ne sababin sassauci da saɓon da kawai ya zo tare da sababin. Ɗan fashi ba ya ƙasaru, domin sababin ƙasaru tafiya ce, tafiyarsa kuwa ita ce saɓon. Amma wanda ya fita sata ya faɗi ya karye, yana shafa a kan ɗauri, domin sababin shafar karaya ce, karaya kuma ba saɓo ba ce. Haka mai saɓon da yunwa ta kai shi bakin mutuwa: Alƙali Ibnul Arabi ya yi mamakin masu halatta masa mushe alhali yana dogewa a kan saɓonsa, amma al-Ƙurɗubi ya inganta halaccin, da hujjar cewa halaka kai ya fi saɓon da yake ciki girma. Idan muka auna mas'alarmu da wannan ma'auni, sababin sassauci shi ne tilascin doka tare da rashin madadi. Wannan tilasci yana kan kowane direba, mai laifi da marar laifi. Abin da laifin ya ƙara shi ne sa ido da tsada.

Na biyu, saɓon ya riga ya wuce, abin da ake ciki yanzu sakamakonsa ne. Malamai sun yi ittifaƙi cewa mai tafiyar saɓo idan ya tuba, sassauci yana dawo masa. Wanda ya tsaya gaban kotu, ya biya tara, ya bar tuƙi har wa'adi ya cika, sannan ya nemi lasisi ta hanyar doka, yana kan tafarkin gyara ne. Rufe masa wannan ƙofa tura shi ne zuwa ɗayan biyu: rasa abin ciyar da iyali, ko tuƙi a ɓoye babu lasisi babu inshora. Shari'a tana zaɓar mafi sauƙin ɓarna biyu idan ba makawa sai an auka wa ɗaya.

Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi: wanda ya fi amfana da wannan nau'i na inshora shi ne wanda aka buge. Hikimar hana mai saɓo sassauci ita ce kada a taimake shi a kan saɓonsa. To idan aka ce wa direban da aka riga aka san shi da sakaci kada ya yi inshora, wa aka hukunta? Yarinyar da ke tsallaka titi ce, da iyalin da za su rasa mai ciyar da su ba tare da an sami inda za a biya su ba. Haƙƙin bayi an gina shi a kan tsanantawa, kuma saɓon wanda ake bi ba ya zama dalilin tauye wanda ke bi. Saboda haka abin da ya bayyana gare ni shi ne, inshorar haƙƙin wani ga irin wannan direba, idan zai koma tuƙi, ta wuce matsayin halal zuwa matsayin wajibi, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Tsadar da aka ƙara masa ba ta canza hukunci. Farashi ne da ya hau saboda haɗarinsa ya hau, ba riba ba ce. Inda riba ke shigowa shi ne idan ya karɓi bashi mai ruwa domin biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, ko ya bar bashin katin banki yana haihuwa. Wannan ya nisance shi gwargwadon iko.

5.0 Gwargwadon Sassaucin

Lalura ana ƙaddara ta gwargwadonta. Zahirin wannan ƙa'ida shi ne ya tsaya a mafi ƙarancin abin da jiha ta wajabta, kuma haka masu haramtawa da yawa suka yi fatawa. Sai dai akwai abin dubawa. Jinyar mutum ɗaya da ya ji mummunan rauni a asibitin Amurka tana iya wuce dala 30,000 nesa ba kusa ba, abin da ya saura kuma bashi ne a wuyan direba. Baƙon da ba shi da dangin da za su ɗauke masa wannan nauyi yana cikin buƙata ta haƙiƙa, buƙata kuma ana saukar da ita matsayin lalura, kamar yadda as-Suyuɗi ya kawo. Don haka ƙara adadin inshorar haƙƙin wani sama da mafi ƙaranci abu ne mai fuska a fiƙihu, domin illar da ta halatta asalin tana nan a ƙarin.

Amma inshorar da ke biyan motarsa shi kansa, wannan ta rage a kan asalin saɓani. Wanda ya bi az-Zarƙa zai halatta ta kai tsaye. Wanda ya bi majalisun fiƙihu ba zai halatta ta ba sai da tilas ko buƙata bayyananna, kamar motar da ita kaɗai ce hanyar abincinsa. Idan yana da zaɓi tsakanin kamfanoni, wanda masu inshora ne suka mallake shi ya fi kusa da taimakekeniya fiye da na masu hannun jari, ko da yake shi ma bai tsira daga zuba dukiya a harkar riba ba.

6.0 Inshora Ba Izinin Tuƙi Ba Ce

A zamanta na takwas a Bandar Seri Begawan ta ƙasar Burunai, a Yuni 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta fitar da ƙuduri mai lamba 71 a kan haɗurran mota. Ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, bisa dalilin maslaha mursala, ta kuma ambaci lasisin tuƙi da sharuɗɗansa a cikinsu, tare da halaccin ta'aziri ga mai karya su.

Idan aka ce ƙudurin ya rataya wajibcin a kan biyayya ga shugaba, shugaban Amurka kuwa ba Musulmi ba ne, amsa ita ce wajibcin yana da wasu ginshiƙai biyu da ba su dogara da addinin shugaba ba. Ɗaya cika alkawari, wanda ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da shi. Wanda ya shiga ƙasa da biza ko ya karɓi takardar zama, kuma ya sa hannu ya karɓi lasisi, ya ɗauki alkawarin bin sharuɗɗansa. Ɗayan kuma hana cutarwa, wanda hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya kafa. Mota makami ce a hannun wanda bai cancanta ba, a Makka take ko a Chicago.

Saboda haka wanda aka dakatar ba ya halatta ya tuƙa, ko da inshorarsa na nan daram. Mai lasisi mai iyaka kuma ya tsaya a iyakarsa ta lokaci da wuri. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da hanyar ƙara: Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Bell da Burson, a 1971, cewa lasisin da aka riga aka bayar ba a karɓe shi sai an bi ƙa'idar sauraron mai shi. Abin da aka keɓe daga hanin shi ne lalura ta gaskiya, kamar kai wanda ke bakin mutuwa asibiti inda babu wani mai kai shi.

7.0 Gaskiya a Cikin Yarjejeniya

Mafi yawan ɓarna a wannan babi daga ƙarya take zuwa. Wani ya ɓoye dakatarwar a takardar nema. Wani ya rubuta sunan matarsa a matsayin direba alhali shi ke tuƙi. Wani ya yi amfani da adireshin wani gari domin farashi ya sauka. Wasu suna kafa hujja da cewa yarjejeniyar dama ɓatacciya ce, wasu kuma da abin da aka ruwaito daga Abu Hanifa da Muhammad ash-Shaibani na halaccin ɓatattun yarjejeniyoyi a wajen ƙasar Musulunci. Hujjar ba ta yi musu amfani, domin waɗannan limamai sun sharɗanta yardar ɗaya ɓangaren da rashin yaudara, yardar da aka samu da ƙarya kuwa ba yarda ba ce. Ɓacin yarjejeniya ta fuskar garari bai taɓa halatta ha'inci ba.

Sannan sakamakon ƙaryar yana komawa kan abin da ya halatta inshorar tun farko. Idan wanda aka cire sunansa a fili ya tuƙa motar ya yi haɗari, galibi kamfani ba ya biya. Idan aka gano ƙarya a takardar nema, kamfani yana iya warware yarjejeniyar, ko da yake wasu jihohi suna tilasta masa biyan wanda aka buge mafi ƙarancin adadi. Ke nan ya biya kuɗi, ya ɗauki zunubin ƙarya, ya kuma bar wanda ya cutar cikin wahala. Mai ba da aron sunansa ko motarsa yana sane, abokin tarayya ne a zunubin, domin aya ta biyu ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

8.0 Lamuni, Diyya da Kaffara

Fuƙaha'u sun daɗe da kafa asalin lamunin direba a babin dabbobi. Ibnu Abi Zaid ya tabbatar a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka. Malik ya kafa hujja a Muwaɗɗa da hukuncin Umar ɗan Haɗɗabi a kan mutumin da ya sukwani doki ya taka yatsan wani har ya mutu. Direba ya fi mahayi cancantar lamuni, domin dabba tana da nata nufi, mota kuwa ba ta motsi sai da shi.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Zunubin tuƙi lokacin dakatarwa daban, lamunin haɗari daban. Ƙuduri na 71 ya ɗauke lamuni daga direba idan haɗarin ya faru da abin da ya fi ƙarfinsa, ko da aikin wanda aka cutar, ko da kuskuren wani. Wanda aka dakatar, idan yana tsaye a jar danja wani ya daki bayan motarsa ya mutu, yana da zunubin karya doka kuma ya cancanci ta'aziri, amma ba ya lamunce ran, domin rashin lasisi ba shi ne ya kashe ba. Idan kuwa shi ya jawo haɗarin, asali kisan kuskure ne, dakatarwar kuma shaida ce mai ƙarfi a kan ƙetare iyakarsa, kamar wanda ya yi aikin likita ba a san shi da likitanci ba, wanda hadisin Abu Dawuda ya ɗora wa lamuni.

Diyyar kuskure tana kan aƙila, wato dangi na ɓangaren uba. A mazhabar Malik aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama, ba ta kuma ɗaukar ɓarnar dukiya. Majalisar Jidda, a ƙudurinta na 145 a Dubai a 2005, ta amince da cewa idan babu aƙila, takaful ko ƙungiyoyin sana'a ko asusun ma'aikata suna iya maye gurbinta. Wannan ƙofa ce da direbobin tasi Musulmi a biranen Amurka za su iya amfana da ita, su kafa asusun taimakon juna domin abin da inshora ba ta kai ba. Shi kuwa wanda aka cutar ko magadansa, halal ne su karɓi abin da kamfani ya biya, domin haƙƙinsu ne, kuma ba su ne suka ƙulla yarjejeniyar ba.

Kaffara ce abin da babu kamfanin da zai ɗauka. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Idan mamacin Musulmi ne, wajibi ce babu saɓani. Idan wanda ba Musulmi ba ne mai amana, jumhur sun wajabta ta, Malikiyya kuma suna ganin mustahabbi ce.

9.0 Abin Lura ga Mai Fatawa a Najeriya

Bai kamata a ɗauko wannan sassauci ɗungurungum a sauke shi a nan ba. Inshorar ɓangare na uku wajibi ce a dokar Najeriya, kuma hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 daga Janairu 2023. Amma hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanonin takaful masu rajista, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Inda madadi ya samu, buƙata ta daina zama ayyananniya, sai sassauci ya ƙuntata. Abin da bai canza ba shi ne haramcin tuƙi ga wanda aka dakatar, da haramcin sayen takardar inshora ta jabu domin a wuce shingen jami'ai, domin takardar jabu ba ta biyan kowa ranar haɗari.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, Musulmin da aka dakatar da lasisinsa a Amurka yana iya ƙulla inshorar haƙƙin wani ya kuma nemi shaidar SR-22, ko da laifinsa ne ya jawo dakatarwar, domin sababin sassaucin tilascin doka ne da rashin madadi, manufarsa kuma kiyaye haƙƙin wanda za a cutar. Wajibi ne a kansa ya faɗi gaskiya ga kamfani, ya bar tuƙi har a mayar masa da izini, ya nisanci bashi mai ruwa wajen biya, ya kuma tuba daga abin da ya jawo hukuncin. Idan rai ya salwanta ta dalilinsa, ya cika abin da ya saura na haƙƙin magada, ya yi kaffara. Shi kuma mufti ya tambayi dalilin dakatarwa da jihar da mai tambaya yake da nau'in inshorar da ake nema kafin ya amsa, domin hukunci yana sauyawa da sauyawar waɗannan.

Allah ne Mafi sani.